Darasi na Bakwai: Yadda Iska ke Shan Man Mota

A wannan darasi za mu duba abin da ke cinye man mota a doguwar hanya, da gyaran da mai mota zai iya yi da hannunsa ko a wurin mai walda na gari, da kuma gyaran da bai kamata ya kusance shi ba. Akwai ɗan lissafi a ciki, saboda haka kowa ya ajiye littafinsa da biro kusa.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lissafin duk mai hawa mota ya canza. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Mutumin Kutama da ke kai hatsi birnin Kano ya ji a aljihunsa, haka matar da ke zuwa asibiti a Gwarzo, haka direban da ke lodi a Kabuga. Idan mota ta fara shan mai fiye da kima, abin da muka saba shi ne a garzaya wurin makanike, a duba fulogi, a wanke kafireta ko injekta, a canza bakin mai. Duk wannan daidai ne. Sai dai akwai wani mai cin rabo a tankin da ba a kai shi gareji, domin ba a cikin inji yake ba. Iska ce.

Iska tana da nauyi

Muna tafiya cikin iska tun haihuwa, shi ya sa muke ɗaukar ta kamar ba komai ba. Amma tana da nauyi, kuma an auna shi. A yanayi irin namu, iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. Ɗakin da muke zaune a ciki, in tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3, iskar da ke cikinsa ta kai nauyin buhun siminti guda.

To, ku dubi ƙaramar mota irin Golf ta gaba. Faɗin fuskarta, daga taya zuwa rufi, daga madubi zuwa madubi, kusan murabba'in mita 2 ne. Duk kilomita 1 da ta ci, sai ta ture iskar da ta haura tan 2 daga gabanta. Titin da ya haɗa ƙasar Gwarzo da birni, wanda ya ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado, ya wuce Janguza da sabon mazaunin Jami'ar Bayero har Kabuga, kusan kilomita 70 ne. Ke nan a zuwa ɗaya kawai motar ta kawar da iska kusan tan 150. Wannan aikin ba kyauta ake yin sa ba, da mai ake biya.

Turjewar da iska ke yi wa abin da ke ratsa ta za mu kira ta tirjiyar iska. Abu uku ne ke ƙara ta ko rage ta: gudun motar, faɗin fuskarta, da siffar jikinta. Na farkon ya fi sauran biyun ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka da shi za mu fara.

Gudu

Kowa ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota. A cikin gari ba ka jin komai sai sanyi. Da an hau titi an taka totur, sai ka ji ana tura hannun baya da ƙarfi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda ƙarfin ke hawa. Idan ka ninka gudu sau 2, tirjiya ba sau 2 take ninkuwa ba, sau 4 ne. Idan ka ninka sau 3, ita ta ninku sau 9. Ƙa'idar ita ce a ninka gudun da kansa.

Mu gwada da Golf ɗin nan. A gudun kilomita 50 cikin awa, iska na tura ta baya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 7. A gudun 100, ya zama kilo 28. A gudun 120, kilo 40. Kuma tun da motar na cin ƙasa da sauri, ƙarfin da injin zai fitar don yaƙar iskar ya fi haka hawa: ninka gudu sau 2 na bukatar ƙarfin inji sau 8. Shi ya sa motar da ke tafiya salin-alin a 70 take fara gunji da rawar jiki a 120, allurar mai kuma tana sauka ana kallo. Daga wajen gudun 80 zuwa sama, fiye da rabin abin da ke riƙe ƙaramar mota a shimfiɗaɗɗen titi iska ce. Ragowar shi ne gugar taya da kwalta da sauran ƙarafan da ke juyi.

Yanzu mu auna ribar gudun. Kilomita 70 a gudun 100 minti 42 ne. A gudun 80, minti 52 da rabi. Direban da ya zaɓi 100 ya rage minti 10 da rabi, amma tirjiyar da ya yi fama da ita ta ƙaru da kashi 56 cikin 100. A zahiri ma ba ya samun cikakkun mintocin nan, domin akwai tudun rage gudu a garuruwan hanya, akwai kasuwa, akwai sauke fasinja. Na san hujjar direban haya: yana son ya koma tasha ya kama layi kafin wani ya riga shi. Hujja ce ta mai neman abinci, ba a raina ta. Amma ya zauna da yamma ya lissafa man da ya ƙona a kan waɗannan mintoci, ya ga ko lodin da ya samu ya biya. Dokar hanya ta Najeriya ma ta tsayar da ƙananan motoci da motocin haya a kan 50 a cikin gari, 80 a babban titi. A 1974, bayan tsadar man da ta biyo yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, Amurka ta rage gudun motoci a duk ƙasar zuwa mil 55, wato kusan kilomita 89 cikin awa, kuma tsimin mai ne dalilin farko.

Akwai kuma iskar Allah da ke kaɗawa. Mota ba ta san gudun da agogonta ya nuna ba, abin da ta sani shi ne gudun iskar da ke dukan fuskarta. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa. Wanda ya bar ƙasar Gwarzo ya nufi Kano gabas ya dosa, don haka iskar na dukansa ta gaba da gefen hagu. In yana tafiya a 90, iska kuma ta tare shi gaba da gaba da gudun 20, motar tana ji kamar a 110 take, tirjiya ta ƙaru da kusan rabi. Direbobi kan ce, "Yau motar ta yi nauyi, ba ta ja." Lafiyar injin ƙalau. A irin wannan rana sai a sassauta ƙafa, a dawowa iskar za ta taimaka.

Kayan da ke kan rufi

Abu na biyu shi ne faɗin fuska, kuma a nan ne mu mutanen karkara muka fi yin asara. Ku tsaya bakin titi ranar kasuwa ku kalli abin da ke wucewa. Golf ko Sharon, a kan rufinta an ɗaura buhuna, a kan buhunan katifa, a gefe jarkoki, wani lokaci da kwandon kaji. Idan kayan sun kai faɗin mita 1 da tsayin rabin mita, an ƙara wa fuskar motar kashi ɗaya cikin huɗu. Ɓarnar ma ta fi haka, domin kayan ba su da santsi. Suna da kusurwa, da igiya, da bakin buhu mai kaɗawa, sai su yaga iskar da ya kamata ta sulale ta kan rufin.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ba da ƙiyasi a kan akwatin kaya na kan rufi, wanda kamfani ya ƙera: yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a cikin gari, kashi 6 zuwa 17 a babban titi, har kashi 25 idan gudu ya haura 100. Kayan da aka ɗaura a bayan mota, inda jikinta ya kare su, asararsu ba ta wuce kashi 5 ba. Ku lura, akwatin kamfani ke nan. Katifar da bakinta ya ɗaga tana haɗiyar iska ta fi shi sharri.

Ba zan ce a daina ɗora kaya ba, domin da kayan ake cin abinci. Amma ɗauri suna ya tara. Mai nauyi ya shiga ciki ko but. Abin da dole sai ya hau sama, a kwantar da shi a tsawon motar, kada a gicciye shi. A ja shi baya kaɗan daga goshin gilas. Ƙaramin kaya a gaba, babba a tsakiya, a sake saukowa a baya. Sannan a lulluɓe duka da tamfol guda, a soke bakin tamfol ɗin na gaba ƙarƙashin kayan yadda iska ba za ta sami ƙofa ba, a ɗaure tamau. Tamfol ɗin da ke faf-faf a hanya yana shan mai, yana kuma yagewa da wuri. In an sauke kaya za a dawo wayam, kariyar ƙarfen nan da ke kan rufi ita ma tana da nata rabon a tanki. Wanda bai cika ɗora kaya ba ya sa mai walda ya yi masa ita da noti, yadda zai kwance ya ajiye.

Me ya sa ƙura ke taruwa a bayan mota?

Abu na uku, siffa, shi ya fi bukatar natsuwa, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Yawancinmu muna zaton gaban mota ne ke fama da iska, a yi shi da tsini shi ke nan. Gaskiyar ita ce bayan motar ya fi gaban ba da wahala.

Ku dubi bas ɗin da ta fito daga hanyar burji da rani. Gilashin gaba da ɗan dama, gefe ma haka. Amma ƙofar baya ta yi jawur, har yara na rubutu da yatsa a kai. Ƙurar nan ba daga gaba ta zo ba. Iskar da ta bi ta kan rufi da gefe, da ta iso ƙarshen motar sai ta tarar jikin ya yanke tsaye. Ba za ta iya lanƙwasawa nan take ta cike gurbin ba, sai ta rabu da jikin, ta bar wani fili a baya inda iska ke juyi kamar guguwa, matsinta kuma ya yi ƙasa. Wannan fili yana tsotso. Yana tsotso ƙurar da taya ta tayar ya manna ta a ƙofa, haka kuma yake tsotson motar kanta yana jan ta baya. Gwargwadon girman wannan fili, gwargwadon man da za a sha.

Daga nan za ku gane illar tafiya da but a buɗe, an ɗaure murfin da igiya a kan kaya. Filin tsotson ya ƙara girma, wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi muni. Hayaƙin salansa yana shiga wannan guguwa, ita kuma ta mayar da shi cikin mota. A cikin hayaƙin akwai iskar guba marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri da barci, tana kuma iya kisa. Fasinjan kujerar baya da ya sauka yana cewa kansa na sarawa, sau da yawa abin da ya shaƙa ke nan. Direban ma yana shaƙa, kuma shi ke riƙe da sitiyari.

Injiniyoyi suna ba kowace siffa lamba, mu kira ta lambar tirjiya. In ta yi ƙasa, siffar ta fi sulɓi. Falankin da aka tsayar gaba da iska lambarsa ta haura 1. Manyan motocin kaya suna wajen 0.6 zuwa sama. Ƙananan motoci irin Golf suna tsakanin 0.30 da 0.35. Tun a 1921 wani injiniyan jiragen sama, Edmund Rumpler, ya nuna wata mota a Jamus mai siffar ɗigon ruwa, gabanta a zagaye, bayanta ya tsuke. Da kamfanin Volkswagen ya auna ta a 1979 sai aka sami 0.28, lambar da motocin wancan lokaci ma ba su kai ba. Wani Bajamushe, Wunibald Kamm, ya nuna a shekarun 1930 cewa ba dole ne wutsiyar ta kai ƙarshe ba. A tsuke bayan a hankali, sannan a datse shi, za a sami yawancin amfanin.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Edwin Saltzman, injiniya a cibiyar gwajin jiragen sama ta hukumar NASA a Kalifoniya. A kan keke yake zuwa aiki, kuma kullum in tirela ta wuce shi sai ya ji iska ta ture shi gefe, sannan ta jawo shi. A farkon shekarun 1970 shi da abokan aikinsa suka ɗauki wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, suka lulluɓe ta da falankin alminiyam ta zama akwati mai kusurwa, suka auna. Suka zagaye kusurwoyin, suka rufe ƙasan, suka sake aunawa. Tirjiya ta ragu da fiye da rabi. Kayan aikinsu falanki ne da ƙusar rifit da agogo, abin da kowane mai gyaran bodi a Gwarzo ya sani. Daga irin wannan bincike ne aka sami hular nan da ake ɗora wa kan tirela a yau.

Gyaran gida

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar da ke yi wa motocinsu irin wannan gyara a gida. Wata Honda Civic ƙirar 1992 da ake kira Aerocivic ta yi suna a cikinsu. Mai ita ya rufe tayoyinta, ya shafe ƙasanta, ya yi mata doguwar wutsiya, ya kuma ce tirjiyarta ta ragu da kusan rabi. Amma titinsu ba namu ba ne, zafinsu ba namu ba ne. Sai mun tace.

Gyaran farko shi ne mayar da abin da kamfani ya sa muka cire. Motoci da yawa suna zuwa da faranti na roba a ƙarƙashin inji. An je juyen bakin mai, yaron gareji ya kwance shi, ya ga mayarwa wahala ce, ya jingine shi a bango. Haka robar cikin madgad, haka leɓen roba na ƙasan bamba. Ƙasan mota cike yake da ƙarafa da bututu da ramuka, duk suna kama iska, kuma don a rufe su aka yi farantin. In naka ya ɓata, a nemi na gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ko a yanka falankin alminiyam marar kauri a ɗaura da noti da wasa. A bar ƙofar juye bakin mai. A bar tazara mai kyau tsakaninsa da salansa, kuma kada a sa roba ko katako kusa da ita. A bar bayansa a buɗe domin zafin inji ya sami mafita. Mai shiga gona da mota ya riƙa leƙawa yana cire ciyawa da karan da suka maƙale, domin busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi gobara ce.

Sai gyaran abin da ya saki. Bambar da ke lilo an ɗaure ta da waya, bonet ɗin da bai zauna daidai ba, fitilar da ta fashe ta bar rami, robar gilas da ta ɓalle: kowanne ƙofa ce da iska ke shiga ta yi tirjiya. Wannan aikin awa ɗaya ne a wurin mai gyaran bodi.

Ana iya ƙara leɓe a ƙasan bambar gaba, domin ya karkatar da iska gefe maimakon ta shige ƙasa. A yi shi da roba mai lanƙwasa, irin ta tsohon bel na injin niƙa ko ta bangon taya, faɗin yatsa huɗu ya isa. Kada ya sauka ƙasa da ƙarfen da ya fi kowanne sauka a cikin motar, in ba haka ba ka ƙara faɗin fuska ne, kuma tudun farko da ka hau zai ɗauke shi. Murfin rim mai sumul shi ma yana ɗan taimakawa. Amma motar da ke ɗaukar nauyi tana yawan taka birki, birkin na bukatar iska, don haka a bar masa ramuka.

Masu a-kori-kura da kanta su ne za su fi kowa cin riba. Kayan da suka ɗara kan direba tsawo bango ne a gaban iska. Faranti mai gangare a kan rufin direba, wanda zai ɗauki iskar ya miƙa ta saman kayan, yana rage wannan duka sosai, muddin an kafe shi da ƙarfe yadda ba zai tashi ba. In bodi wayam ne, a shimfiɗa tamfol a ɗaure shi tamau, a kuma bar ƙofar baya a rufe. Mutane na zaton sauke ta na ba iska hanya, amma gwaji ya nuna a rufe ta fi. Wanda zai yi wa bayan motarsa ƙarin da ke tsukewa, kada gangaren ya wuce digiri 10 zuwa 15, kuma kada ya rufe fitila ko lamba.

Game da a-daidaita-sahu da babur a cikin gari, gudunsu bai kai inda iska ke da babban rabo ba. Su kula da iskar taya da lafiyar inji.

Kada a sa rai da abin da ba zai samu ba. A ƙiyasi, rage tirjiya da kashi 10 cikin 100 yana rage shan mai da kashi 4 zuwa 5 a doguwar hanya. Ga wanda ke ƙona lita 20 kullum, lita 1 ke nan a rana, lita 30 a wata. Ku ninka da kuɗin lita a yau.

Abin da ba a yi

A ƙasashen sanyi masu wannan gyara kan toshe wani ɓangare na ragar gaba, inda iska ke shiga lagireto. A nan kada wanda ya kwaikwaya. A watan Maris da Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, motocinmu sun tsufa, lodi ya yi musu yawa. Tsimin lita guda ba zai biya gasket ɗin da ya ƙone ba. Abin da ya dace da mu shi ne a toshe gefen lagireto da soso ko roba, domin duk iskar da ta shigo ta bi ta cikinsa.

Kada a cire madubin gefe. Kada a kashe inji a gangare, domin birki zai yi tauri, sitiyari ma na iya kullewa. Kada a manne wa bayan tirela don a fake da iskarta. Gaskiya ne man yana raguwa a wurin, amma in ta taka birki babu inda za ka je, kuma ba ka ganin ramin da ke gaba. Kada a cika wa taya iska fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Tayar da ta yi sanyi tana shan mai, wadda aka cika fiye da kima kuma tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. A sa mai faci ya auna da geji da safe, ba da bugun ƙafa ba.

Sai fiffiken nan da samari ke saya su kafa a kan but, da ƙarfen kariya na gaban mota, da jerin fitilu a kan rufi. Fiffike a motar tsere aikinsa danna ta ƙasa ne, kuma da ƙarin tirjiya ake biyan wannan. A motar gida ado ne da ake biya sau biyu, a shago da gidan mai. Duk wani ƙari da zai canza tsawo ko faɗin mota, a tuntuɓi jami'an duba lafiyar motoci kafin a yi, domin su da jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA suna da ikon tsayar da ita. Kuma duk abin da aka ɗaura, a tuna akwai mai babur a baya. Falankin da ya ɓalle a gudun 80 makami ne.

Yadda za ka gwada da kanka

Gani ya kori ji, kuma iska ma ana iya ganinta. A sami zaren saƙa mai launi, a yanka gutsattsari kamar tsawon yatsa, a manna kowanne da salatif a jere a kan rufi, da gilashin baya, da murfin but, tazarar taƙi ɗaya tsakani. Direba ya tuƙa a 70 a titin da babu cunkoso, wani a wata motar ya ɗauki bidiyo da waya. Inda iska ke bin jiki, zaren zai kwanta ya miƙe baya tsaf. Inda ta rabu da jiki, zai riƙa rawa, wani ma ya juyo yana nuna gaba. A ɗora buhu biyu a kan rufi a sake ɗauka, za a ga zaren da ke bayansu ya rikice gaba ɗaya.

Gwaji na biyu shi ne wanda su Saltzman suka yi amfani da shi. A zaɓi miƙaƙƙen wuri marar tudu, da sassafe kafin iska ta tashi, nesa da gari. A kai gudun 80, a sa giya a firi, inji na aiki. Wanda ke gefe ya danna agogon waya, ya tsayar da shi idan allura ta sauko 50. A yi zuwa da dawowa sau uku-uku, a haɗa a raba. Bayan gyara a maimaita a wurin, da mutanen, da iskar taya iri ɗaya. In daƙiƙun sun ƙaru, gyaran ya yi aiki. In sun ragu, a cire shi komai kyansa. Gyara ɗaya ake yi a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi amfani ba.

Na uku shi ne littafi. A cika tanki, a rubuta lambar kilomita. In an dawo shan mai a sake cikawa, a raba kilomitar da aka yi da litar da ta shiga. Misali, kilomita 280 da lita 28, lita ɗaya ta kai kilomita 10 ke nan. Wanda agogon motarsa ya mutu ya ƙirga da sawu: zuwa da dawowa Kano sau nawa tankin ya yi.

Aiki

1. Mota na tafiya a gudun 40, sai direba ya kai ta 80. Sau nawa tirjiyar iska ta ninku? In ya kai 120 fa?
2. Fuskar wata mota murabba'in mita 2 ce. An ɗora mata kaya masu faɗin mita 1 da tsayin mita 1. Da kashi nawa cikin 100 fuskar ta ƙaru?
3. Ka bayyana da bakinka dalilin da ya sa ƙura ke taruwa a ƙofar bayan bas, da haɗarin da ke cikin tafiya da but a buɗe.
4. Direba na ƙona lita 25 a rana. Ya rage gudu, ya gyara ɗaurin kaya, shan mansa ya ragu da kashi 8 cikin 100. Lita nawa ya tsira da ita a kwana 30, kuma naira nawa ke nan a farashin yau?

Ranar kasuwa mai zuwa, kowa ya tsaya bakin titi ya ƙirga motoci 20 da suka wuce. Ya rubuta nawa ne ke da kaya a kan rufi, nawa ne but ɗinsu a buɗe, nawa ne tamfol ɗinsu ke kaɗawa. Wanda ke da direba a gida, miji ko ɗa ko ƙane, ya karanta masa lissafin minti 10 da rabi, ya ji abin da zai ce. Ku zo da amsarsa aji mako mai zuwa, da ita za mu fara.